Rami na Tara a Hallasay

Paisley, 15 ga Satumba, 1986

Zuwa ga Yaya Tormod,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Peigi da shanunku. Idan ka manta da ni, ni ce Ishbel 'yar Lachlan, mai aiko muku katin sabuwar shekara kuna amsawa da layi ɗaya. Kakanka da kakana uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka babu yadda za ka yi da ni.

Ni lafiyata ƙalau ban da hawan jini, shi ma Baba ne ke hawar da shi. Shi kuwa idonsa na hagu ya tafi tun bara waccan. Na dama kuma yanar ido ta rufe shi, har ba ya bambanta ni da labule sai na yi magana. Likita ya ce za a iya cire yanar. An ba mu rana, Laraba takwas ga Oktoba, bayan wata goma sha huɗu muna jiran layi. Idan ranar nan ta wuce mu sai mu koma ƙarshen layi, kuma likitan ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa idon ba zai jira wata shekara ba. Me Baba ya ce? Wai ya ga abin da zai gani a duniya, ba mai kai masa wuƙa ido. Shekara ashirin da shida ina aiki a ɗakin karatu, na lallashi mashaya, na lallashi kansiloli, amma tsoho ɗan saba'in da huɗu ya gagare ni.

To, shekaranjiya ina kwashe tarkacen aljihun teburinsa sai ga wani kati da ya koma ruwan ƙasa. Katin golf ne, wasan nan na tura ƙwallo rami da sanda, na filinku na tsibirin Hallasay, ranar huɗu ga Satumba, 1933. Suna biyu a kai: Lachlan, da Calum mahaifinka, Allah ya ji ƙansa. Rami takwas an cike su da fensir, kowa ya ci uku, biyu canjaras. Na tara babu komai. Ka san labarin. Kowannensu ya yi bugun farko a rami na tara, sai jirgin ruwa ya busa ƙaho, Baba ya yar da sanda ya suri akwatinsa da gudu, don aikin ƙera jiragen ruwa na jiransa a Glasgow. Daga baya magana ta biyo shi, wai Calum ya ce ba jirgi ya gudu ya kama ba, tsoron faɗuwa ne ya kore shi. Tun ina yarinya da wannan magana nake shan kunun safe.

Na karanta masa katin. Da na gama sai ya ce, "A kai ni in ƙarasa, sai mu yi maganar wuƙa." Kafin ya rufe baki na ɗauko taswira.

Ga tsarin. Za mu taho a motata, sannu a hankali, muna tsayawa a filayen bakin teku ya gwada hannunsa. Mu shiga jirgin Asabar, huɗu ga Oktoba, daga Mallaig, mu dawo a na Litinin, ƙarfe biyu da rabi. Kai za ka tsaya a madadin mahaifinka. Rami ɗaya kawai. Yaya, kwana biyu ke nan ina tafiya kamar ba a ƙasa ba, har na ba wata mata littafin kiwon kaji a maimakon na addu'a!

Ƙanwarka,
Ishbel


Hallasay, 20 ga Satumba

Ƙanwata Ishbel,

Takardarki ta iso. Muna lafiya, mun gode Ubangiji. Peigi na fama da gwiwa. An haƙe dankali, ya yi kyau. Na yi baƙin cikin jin halin idon Baffa Lachlan.

Batun zuwanku, kada ki wahalar da tsoho a hanya. Babu rami na tara da zai zo ya tarar. Wannan ya wuce tun shekara uku. Jirgi na shirin tashi, zan tsaya nan.

Naki,
Tormod


Paisley, 26 ga Satumba

Dattijo Tormod,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa. Allah ya ba gwiwar Peigi lafiya, ita ba ta yi mini komai ba. Madalla da dankali.

Na karanta takardarka sau shida, ba ta ɗauki lokaci ba. Na taɓa ganin tikitin bas da ya fi ta tausayi. "Wannan ya wuce tun shekara uku." Na iya lissafi, Yaya. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifinka. Wato da kuka binne Calum sai kuka binne wasan tare da shi, kuka rubuta masa nasara a zuciyarku, wanda ya rage da rai kuwa ya je ya makance a Paisley. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana dukan ƙarfe, wanda ya aiko wa uwarka kuɗin rufin ɗaki lokacin da iska ta yaye shi bai sa sunansa a ambulan ba, shi kake ce wa kada ya wahala!

Na karanta tarihin tsibiranku fiye da ku da kuke zaune a kai. Na san ku. Mutum zai gafarta wa wanda ya kore shi daga gonarsa, amma ba zai gafarta wa ɗan'uwansa da ya shiga jirgi ba.

Ban karanta wa Baba takardarka ba. Na ce masa kana murna, kana yanka ciyawa. Ƙarya ce, kuma a wuyanka take. Tun ranar ya sauko da sandunansa daga saman kabad, yana goge su da man keken ɗinki, yana gwada lilo a tsakar ɗaki. Fitila ɗaya ta riga ta tafi.

Muna tahowa. Filin nan makiyayar gari ce, kakan iyayenmu ne ya haƙa ramukansa da cebur, ba gadonka ba ne kai kaɗai. In ba za ka buga ba, ni zan buga a madadin Calum, ga shi rabona da sanda shekara ashirin. Ka ga sai mahaifinka ya faɗi a hannun mai jera littattafai. Za mu bar gida Litinin. In kana da abin faɗa wanda ya wuce layi huɗu, ka aika gidan waya na Mallaig, zan tambaya ranar Juma'a.

Ishbel


Bakin teku, kudu da Mallaig, 1 ga Oktoba

Yaya Tormod,

Ina gaisuwa. Har yanzu ina fushi da kai, kada ka ɗauka na huce. Amma yau na ga abin da dole in faɗa wa wani, kuma duk duniya kai kaɗai ka rage da zai gane. Lafiyarmu lau. Motar ce ke tari a kan tudu, Baba kuwa yana cin abinci kamar mai yankan ciyawa.

Kwana uku muna hanya. Tun daga Oban yake ba ni umarnin tuƙi, mutumin da ba ya ganin gilashin gabansa. "Rage gudu, akwai kwana." "Baba, hanyar miƙaƙƙiya ce." "A zamanina akwai kwana." Jiya tunkiya ta kwanta mana a tsakiyar titi, na yi ta hon ta ƙi tashi. Ya sauke gilashi ya ce mata wata kalma da harshen tsibiri, ta miƙe ta wuce. Ya ƙi fassara mini.

Yau da hantsi muka sami wani ɗan fili tsakanin titi da teku, rami tara, babu kowa sai shanu da wata tsohuwa mai kula da wurin, da takalmin roba har gwiwa. Ta dubi Baba, ta dubi hannuna a gwiwar hannunsa, ta ce, "Wanne ne mai bugawa, wanne ne mai ja?" Baba ya ce, "Ni ke bugawa, Inna, ita ke surutu." Ta ce, "Inna? Ka girme ni da shekara goma, tsohon banza. Je ka, in ka kashe mini saniya kai za ka feɗe ta."

Ga yadda muke yi. Ina kama kafaɗunsa in juya shi ya fuskanci tuta, in faɗa masa taku nawa ne, in ajiye ƙwallon a kan ciyawa mai duhu inda yake ɗan hango farinsa. Sauran nasa ne. Ya tsaya, ya juya kumatunsa hagu da dama, ya ce, "Kin karkatar da ni." Na ce tuta na gabansa sak. Ya ce, "Ke tuta kike gani, ni iska nake ji." Ya juya kansa wajen teku, kamar mai son jefa ƙwallon ga kifi. Yaya, ya buga. Ƙwallon ya tashi ƙasa-ƙasa, bai fi tsayin mutum ba, iska ta kama shi ta lanƙwaso shi, ya faɗi a gefen wani tudun yashi, ya gangaro, ya yi ta gudu a kan gajeriyar ciyawar nan kamar zomo, ya tsallake ƙarƙashin wayar da aka kewaye dandalin ramin da ita saboda shanu, ya tsaya taku huɗu daga tuta. Na yi ihu har shanun suka ɗaga kai. Ya ce, "Ina ya je?" Na faɗa masa. Ya ce, "Taku huɗu? Na tsufa."

Ni ma na buga! Na zubar da ƙwallo biyar: uku a cikin dogayen ciyayin tudu, ɗaya ya shiga ramin zomo, ɗaya na tura shi teku da hannuna. Yashi ya cika mini takalmi da kunne. A rami na shida na sami guda ɗaya a tsakiyar sanda, na ji daɗinsa tun daga tafin hannu har ƙeya, na gane abin da ya haukatar da gidanmu kaf. Ruwa ya sauko mana a na bakwai, rana ta fito a na takwas, tsibirai suka bayyana can cikin teku shuɗi-shuɗi. Baba ya ce, "Ana ganin namu?" Na ce ban san wanne ba ne. Ya miƙa sanda ya nuna, ba tare da ya gani ba. Tsohuwar ta ce daidai ne.

Muna zaune yanzu a mota da soyayyen kifi a takarda, yana rera wata waƙa da ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Wannan mutumin za ka hana rami ɗaya?

Ishbel


Hallasay, 29 ga Satumba
(a ajiye a gidan waya na Mallaig)

Ƙanwata Ishbel,

Ina gaishe ki da Baffa. Muna lafiya. Takardarki ta iso ranar Asabar, Peigi ta karanta mini ita da ƙarfi a gaban mai kawo wasiƙu, yanzu duk gari an san ni tikitin bas ne. Ta ce kin yi daidai, wai shekara talatin tana jiran wanda zai faɗa mini.

Laifina ne, na taƙaita. Ba mutuwar Baba nake nufi ba. Teku nake nufi. A hunturun da ya rasu aka yi guguwar da ta ci bakin tudun arewa, ta tafi da dandalin rami na tara gaba ɗaya, da tutar, da bencin da ke gefensa. Yanzu rami takwas gare mu, muna maimaita na farko ya zama tara. Na ɗauka kun ji. Na manta ba kowa ke zaune a nan ba.

Game da abin da kika ce mun binne, bari in faɗa miki abin da ban taɓa rubutawa ba. Ranar da Baffa ya tafi, Baba bai ɗauki ƙwallonsa ba, bai kuma ƙarasa ramin ba, ko da yake a doka wanda ya bar fili ya faɗi. Ya samo duwatsu biyu ya ɗora ɗaya inda ƙwallonsa ya tsaya, ɗaya inda na Baffa ya tsaya. Kowace bazara yana shafa musu farar ƙasa, kuma duk mai yankan ciyawa ya san ana kewaye su. Tun da ya rasu ni nake shafawa. Teku bai kai gare su ba. Maganar tsoro kuwa, sau ɗaya ya faɗe ta a wurin biki, da wiski a cikinsa, ya yi shekara hamsin yana jin kunyarta. Ya kuma san wanda ya aiko kuɗin rufin ɗaki. Tambarin Glasgow na jikin ambulan.

Na duba littafin lokutan teku. Inda dandalin yake a da, yanzu yashin gaɓa ne, ruwa na rufe shi, ba ya buɗewa sai a babbar janyewar teku. Kun taki sa'a, akwai ta a makon nan: Lahadi wajen ƙarfe ɗaya saura, da Litinin ƙarfe ɗaya da rabi. Ta Lahadi ta fi tsawo, amma kada ki ma tambaya. Makullin akwatin tutoci yana hannuna, ba a taɓa buɗe shi ranar Ubangiji ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Litinin za mu sami kamar minti arba'in kafin ruwa ya dawo. Zan auna wurin daga dutsen coci, in binne gwangwani a yashi. Daga can zuwa tashar jirgi mil biyar ne.

Zan buga a madadin Baba. Ki gaya wa Baffa ba zan tausaya masa ba.

Yayanki,
Tormod


Mallaig, 3 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa, da kunya. Na karɓi takardarka, na karanta a tsaye a gidan waya, na yi kuka a kan tebur har ma'aikacin ya matsar da kan sarki kada su jiƙe. Na janye tikitin bas. Sauran maganganun kuwa ka ajiye, za su yi amfani wata rana. Amma kai ma, mutum ya rubuta "teku ya cinye" kalma uku ce!

Na san wannan takarda jirgi ɗaya za mu shiga da ita gobe. Zan miƙa maka ita da hannuna a tasha, don abin da ke ciki ba zan iya faɗa a gaban Baba ba.

Na karanta masa batun duwatsun. Ya nemi in maimaita, na maimaita. Sai ya ce, "Ishbel, kada in yaudare ki. Ci ko faɗuwa, in na ƙarasa ramin nan na gama abin da ya rage mini. Asibitin nan ba zan je ba." Na ce, "Ka yi mini alkawari!" Ya ce, "Cewa na yi za mu yi magana. Ga shi muna yi." Na fita daga motar na zagaya tashar kifi sau uku ina zagin tsuntsaye.

Ka ga wautata? Ni da kaina na ɗauko shi, na tuƙo shi mil ɗari biyu zuwa wurin da zai rufe littafinsa. Abin da ya riƙe shi shekara hamsin da uku shi ne wannan gurbi da ba a cike ba, ni kuma na zo da fensir. In ya ci, ya gama. In ya faɗi, ya gama. Na yi tunanin juya motar, amma yana can yana goge sandarsa yana waƙa, ba zan iya ba.

Ban roƙe ka komai ba, don ban san me zan roƙa ba. Lahadin ma na bar maka. Zan zo coci in zauna shiru, ka rubuta ranar a wani wuri.

Ishbel


Paisley, 10 ga Oktoba

Yaya Tormod,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Peigi. A gaya mata gurasar da ta ƙunsa mana ba ta kai Fort William ba. Labarin lafiya zan ajiye shi ƙarshe, ka ji yadda jira yake.

Baba ya ce in rubuta yadda wasan ya gudana ka manna a littafin kulob, tunda kai ne magatakarda kuma kowa ya san tsawon rubutunka. To ga shi, da abin da ba ka gani ba.

Litinin, ƙarfe ɗaya da kwata, iska daga yamma. Na ƙirga mutum talatin da ɗaya a kan tudu, a garin da ka ce ba ka gaya wa kowa ba. Ka ɗaga duwatsun biyu. Ba ka ga hannun Baba ba lokacin da na ɗora shi a kan nasa dutsen, ya shafa kaurin farar ƙasar, shafi a kan shafi. Ya ce mini a hankali, "Jakin nan Calum."

Bugu na biyu. Naka ya sauka a gaɓa. Na Baba ya bi ƙasa, ya tsallake bakin tudu, ya gangara yashi, wani tsoho ya yi ihu daga sama, "Lachlan, ashe jirgin bai tafi da hannunka ba!" Baba ya ce, "Wane ne wannan?" Aka ce Ruairidh ne. Ya ce, "Bai mutu ba? Ina bin sa mari tun muna aji uku."

Muka sauka gaɓa, ni da shi, ina riƙe da shi yana zagina wai ina jan sa kamar akuya. Yashin ya yi tauri, yana sheƙi, ga tutarka a tsaye a tsakiyar wurin da jiya kifi ke yawo. A kan farin yashi ba ya ganin ƙwallon sam, sai da na shimfiɗa baƙin gyalena a bayansa. Na je na tsaya a ramin ina buga ƙarfen tuta a jikin gwangwani, yana bin ƙarar da kunne. Na uku ya wuce. Na huɗu ya leƙa bakin gwangwani ya fito, mutane suka yi wani irin nishi. Na biyar ya faɗa, ƙwal! Ban taɓa jin ƙara mai daɗi da ban tsoro irin wannan ba.

Kai kuwa bugunka na uku ya tsaya tsawon takalmi ɗaya daga rami. In ka jefa shi, ka ci da huɗu. Ruwa ya riga ya fara lasar ƙafafunmu. Na raɗa wa Baba nisan. Ka san al'ada, irin wannan ba a sa mutum ya buga, cewa ake "ɗauka, na ba ka." Na ga bakinsa ya motsa zai faɗa. Na san da ya faɗa ka ci, shi ke nan wasa ya ƙare. Sai ya ɗaga haɓa ya ce, "Calum bai taɓa ba ni komai kyauta ba. Yaro ya buga."

Ka buga. Ƙwallon ya bi ta gefen dama ya wuce da faɗin tafin hannu. Tudu ya yi tsit. Ka tura shi ciki, biyar da biyar.

"Me ya faru? Ishbel, me ya faru?" Na ce ka kuskure. Ya yi wata dariya da ban ji irinta ba tun Mama na da rai. "Canjaras! Ɗan Calum ya kuskure tsawon takalmi! A koma rami na farko, doka ce, sai an sami mai ci!" Daidai nan jirgi ya busa ƙaho daga bayan tudu. Wallahi na ɗauka shirya shi kuka yi.

Sai ka cire hula ka ce, "Baffa, ga jirginka. Ni kuma ba zan ci gaba da mutumin da sai an kaɗa masa gwangwani ba. Garin nan za a ce na ci makaho." Yaya, na ga wuyan Baba ya yi ja har kunne. "Makaho? Ni? Ishbel, ina motar nan take?"

Mil biyar a minti goma sha ɗaya, a titin da mota ɗaya ke bi, da tumaki. Mu ne na ƙarshe da muka shiga, ana ɗaga gadar shiga jirgi. A cikin jirgi bai zauna ba. "Ƙarfe nawa suka ce ranar Laraba? Kin tabbata takwas ne? A kira su a tabbatar. Makaho! Zan nuna wa ɗan jakin nan makaho." Ranar Laraba, da ma'aikaciyar asibiti ta zo tura shi ɗakin aiki, ce mata ya yi su yi sauri, yana da wasa.

Jiya aka cire bandeji. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Ina jiran magana mai daɗi, shekara biyu rabonsa da fuskata. Ya ce, "Kai, Ishbel, kin tsufa." Sannan ya karanta agogon bango, ya karanta sunan likita a ƙirjinsa, ya nemi a ba shi katin. Ya cike gurbin da hannunsa, biyar da biyar, ya ja sabon layi a ƙasa.

Yanzu saura ni da kai. Wannan kada ka manna a littafi. Ina tsaye taku biyu daga gare ka. Shekara arba'in kana wasa a filin nan, Peigi ta ce kofi bakwai ne a kabad ɗinku. Na ga fuskar sandarka kafin ka buga, kuma ko ni da na zubar da ƙwallo biyar a rana ɗaya na san inda ta dosa. Dattijon coci, mai makullin da ba ya buɗuwa ran Lahadi! Faɗa mini gaskiya, da gangan ka yi?

Ƙanwarka har abada, ko kana so ko ba ka so,
Ishbel


Hallasay, 17 ga Oktoba

Ƙanwata Ishbel,

Mun gode Ubangiji da idon Baffa. An faɗa a coci, Ruairidh ya ce a gaya masa kumatunsa na nan yana jira. Gwiwar Peigi da sauƙi. An sauko da shanu daga tudu.

Na manna takardarki a littafi, na yanke ƙasan da almakashi.

Yashin jiƙe yake, ruwa kuma na taɓa mini ƙafa. Wannan duk gaskiya ne. Ni ba na ƙarya, saboda haka kada ki sake yi mini waccan tambayar.

Na kai duwatsun biyu wurin bugun farko na rami na ɗaya. Ciyawa na yin kyau a watan Mayu. Ki ce wa Baffa ya zo da idonsa, don wannan karon zai ga abin da hannuna ke yi.

Layi nawa ke nan? Ki ƙirga.

Yayanki,
Tormod